Zo Mu Zaga Unguwar Rimi

'Yar'uwa, in Allah Ya kai ki Kaduna, ko don biki, ko dubiya, ko rakiyar yarinya makaranta, ki yi ƙoƙari ki ware yini guda ki zaga Unguwar Rimi. Tana arewa da kogi, ta jingina da gaɓarsa, ba ta kuwa da wuyar zuwa, kowane mai keke ya san ta. Sunan itacen rimi ta ci, wanda Hausawa ke yi wa kirari da adon gari, ko da ya ke yau mangwaro da dalbejiya za ki fi gani.

Unguwa ce mai fuska biyu. Akwai cikin gari, inda gidaje ke manne da juna, ga kasuwa, ga masu tuyar ƙosai da waina a bakin hanya, ga yara suna kai da kawowa. Akwai kuma wajen da Gwamnati ta yanka wa manyan ma'aikata tun zamanin Turawa, wanda a ke kira G.R.A. Can tituna faɗi gare su, ga inuwa, ga dogayen katangu, shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Ta nan za mu fara. Abin da na ke so ki yi kuwa ba mai wuya ba ne, ki riƙa karanta allunan da aka kakkafa a bakin tituna, kamar yadda mu kan sa 'yan aji biyu su yi don bakinsu ya faɗa da karatu.

Za ki ga Titin Sultan, watau Sarkin Musulmi. Za ki ga na Lamido, sarautar Adamawa, da na Etsu, sarautar Nufawa, da na Shehu Laminu na Barno. Ga babbar hanyar Tafawa Ɓalewa, ga ta Isa Kaita. Kai, har Kinshasa, babban birnin Kwango, an ba ta nata titi. Wanda ya raɗa sunayen nan ya yi tunani, don mutum ya bi su ɗaya ɗaya kamar ya zaga Jihar Arewa ce da ƙafa. Amma fa a manyan titunan da na bi, idona bai faɗa kan sunan mace ba. Baƙon da ba shi da malami sai allunan nan, cewa zai yi maza ne kaɗai suka yi Arewa, mata suna ɗaka suna barci. To, ba haka ba ne, hujjar kuwa tana nan kurkusa, ba sai mun biya kuɗin mota ba.

A kan hanyar Tafawa Ɓalewa Jami'ar Jihar Kaduna ta ke, wadda aka buɗe a 2004. Ki ɗan dakata a bakin ƙofarta da hantsi, ki ga 'yan mata suna ɗuruwa ciki da littattafansu, abin gwanin ban sha'awa. Ba nisa da nan kuma akwai Kwalejin Rimi. A da makarantar 'yan mishan ce, sunanta St. John. Ki riƙe sunan nan, za mu komo kansa.

In kika miƙe Titin Isa Kaita, wanda shi ne Ministan Ilmi na Jihar Arewa har 1966, za ki iske makarantar Kafital wajen Malali. Tun zamanin Sardauna ta ke. Cikin yaran da suka zauna a bencinta akwai wata wai ita Amina Mohammed. Ta girma ta zama Ministar Muhalli ta Nijeriya a 2015, a 2017 kuma aka naɗa ta Mataimakiyar Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya. Ke 'yar makaranta da ke karanta wannan, ita ma da rigar makaranta ta bi titin nan, ta sha rana kamar yadda ki ke sha.

Amma inda na fi so mu daɗe shi ne Titin Raba, a maƙwabciyar unguwa, wajen Unguwar Sarki. Nan gidan Firimiyan Jihar Arewa ya ke, Alhaji Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Tun 1970 aka mai da shi wurin ajiye tarihi, a ke ce da shi Arewa House, yana ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Akwai ɗakin karatu, akwai tsofaffin takardun Gwamnati da rubuce-rubucen malamai na Larabci da ajami, akwai kuma ɗakin nuna kayan tarihi. Kowa ya shiga, labarin maigidan ya ke nema, ya kuwa cancanta. Ke dai in kin shiga, ki tambayi mai yi muku jagora labarin uwargidan.

Sunanta Hafsatu, mutanen gida suna ce mata Goggon Ƙurya. 'Yar Wazirin Sakkwato Abdulƙadir Macciɗo ce. An ɗaura musu aure a 1932, sa'ad da Ahmadu ke malamin makaranta a Midil ta Sakkwato, bai zama Hakimin Raba ba tukuna, balle Sardauna, balle Firimiya. Watau ba mulki ta aura ba, malami ta aura mai ɗan albashinsa. Tana ɗakinsa aka ba shi Raba a 1934, tana nan aka naɗa shi Sardauna a 1938. Tana nan kuma a 1943 aka kai shi ƙara kan kuɗin jangali, aka yanke masa ɗauri, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya aka wanke shi. Duk macen da mijinta ya taɓa shiga irin wannan hali ta san wa ke kwana ba barci, ta san kuma yadda masu zuwa gaisuwa ke raguwa. Daga baya duniya ta yi daɗi, ya zama Firimiya a 1954, aka tare a Kaduna. Ba a jin muryarta a rediyo, ba ta hawa mumbari. Gida ta riƙe, gidan kuwa da ba ya rabuwa da baƙi dare da rana.

Daren Juma'a wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, ana cikin azumi, soja suka kewaye gidan nan. Shugabansu Manjo Chukwuma Nzeogwu, haifaffen Kaduna ne, har sunan garin aka laƙaba masa, a makarantar St. John ɗin nan kuwa da na ce ki riƙe sunanta ya yi karatu. Suka buɗe wa gidan wuta da manyan bindigogi har ya kama ci. Sardauna yana can ciki wajen iyalinsa suka cim masa. Hafsatu ba ta gudu ba. Ta manne wa mijinta, aka harbe su tare, bayan zaman aure na shekara talatin da 'yan kai. Allah Ya ji ƙansu. A daren nan kuma, cikin garin nan, aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun a gidansa, da shi da matarsa Latifa.

Kowace shekara in watan Janairu ya kama, a kan jera sunayen waɗanda aka rasa: Sardauna, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Akintola, da Maimalari, da sauran manyan soja. Yara suna haddace su don jarrabawa. Ki gwada tambayar 'yan aji shida sunan matar da ta mutu tare da Sardauna, ki ga hannu nawa za a ɗaga. A 1995 wata 'yar jarida, Ladi Adamu, ta rubuta littafi guda a kanta da Turanci, Allah Ya saka mata. Ni a ganina ya kamata a ce akwai irinsa da Hausa, ɗan ƙarami mai sauƙin karatu, wanda uwa za ta karanta wa 'ya'yanta bayan sallar lisha.

Yanzu bari mu bi salsalar Hafsatu, don nan abin ya ke da daɗi. Gidan Wazirin Sakkwato gidan Giɗaɗo ɗan Laima ne, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar tun daga kansa. Matar Giɗaɗo kuwa ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Ashe ke nan Hafsatu daga gidan Nana ta fito. Kyan ɗa ya gaji ubansa, in ji masu magana, 'ya ma haka.

An haifi Nana Asma'u a Ɗegel a 1793. 'Yar tagwaye ce, ɗan'uwanta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi, ta ga yunwa, ta ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan. Duk da haka karatu bai yanke ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, abin da ya iso gare mu na ayyukanta ya kai wajen sittin. Ba yawan rubutun ne ya fi ba ni mamaki ba, dabararta ta koyarwa ce. Ta duba ta ga matan ƙauye ba su da hanyar zuwa makaranta, ga aure, ga goyo, ga daka, ga nisa. Sai ta zaɓi dattijai mata masu hankali da amana, ta karantar da su, ta naɗa kowacce jaji, ta ɗora mata malfa a ka don kowa ya gan ta ya san aikinta. Jaji ta kan taso daga ƙauyensu da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, su zo wurin Nana su ɗauki karatu, su koma su koya wa matan auren da ba su sami fitowa ba. Su a ke kira 'Yan Taru. Karatun kuwa cikin waƙa ta zuba shi, don ta san mace tana iya riƙe waƙa a ka tana kaɗi ko tana niƙa, ba sai da takarda ba. Mu da aka koya wa aikin malanta a kwaleji, aka ba mu manyan littattafai kan yadda a ke kai ilmi ga wanda ba ya iya zuwa aji, in muka karanta labarin 'Yan Taru sai jikinmu ya yi sanyi. Ta riga mu da shekara fiye da ɗari da hamsin. Da ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryamu ta ci gaba da aikin.

Akwai wata waƙarta da ta dace da yawon nan namu, sunanta Tawassuli Ga Mata Masu Albarka. Abin da ta yi a ciki shi ne ta jera sunayen mata. Ta faro daga matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da 'ya'yansa, ta biyo ta kan bayin Allah irin su Rabi'atul Adawiyya, sa'an nan ta gangaro kan matan zamaninta, waɗanda ta sani ido da ido, malamai da masu sulhunta mutane da masu taimakon marayu. Ba sarauta gare su ba, ba su ja runduna ba. Da ba ta rubuta su ba, da yau ko mai tuna an yi su babu. Nana ta gane cewa sunan mace, in mace 'yar'uwarta ba ta ɗauka ta adana ba, da wuya wani ya sunkuya ya ɗauka.

To, mu fito daga gidan Sardauna mu gangara wajen Lugard Hall, ginin nan mai ƙubba da ba ya ɓacewa. Nan Majalisar Jihar Arewa ta ke zama a da, yanzu kuwa Majalisar Dokokin Jihar Kaduna. Sunan Gwamna Lugga ya ci, wanda a zamaninsa aka ɗauke hedkwata daga Zungeru aka kawo Kaduna a 1917. Af, kin san wa ya raɗa wa ƙasar nan suna? Wata Baturiya ce 'yar jarida, Flora Shaw. Ita ta fara kawo shawarar a kira ta Nijeriya, cikin jaridar Times ta London ran 8 ga Janairu 1897, daga baya a 1902 ta auri Luggan. Miji ya sami gini, ita kuwa sai mai bincike ya san da ita. Ashe abin ba a kanmu kaɗai ya ke ba.

Duk tsawon zaman Majalisar Jihar Arewa, ba a taɓa zaɓen mace ta shiga zauren nan ba, don mata ba su da ƙuri'a, balle su tsaya. A zaɓen 1959, wanda ya kai mu ga mulkin kai, matan Kudu sun jefa ƙuri'a, matan Arewa suna gida. Gaskiya ɗaya ce, ko da za ta yi ɗaci: jam'iyyar Sardauna, N.P.C., ba ta yarda lokaci ya yi ba. N.E.P.U. ta su Malam Aminu Kano ita ce ke cewa a ba mata. Wadda kuwa ta ɗauki maganar a ka har ta sha wuya a kanta ita ce Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya.

Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye. An haife ta a 1933, ubanta mutumin Gana, uwarta Banufiya. Karatunta bai yi nisa ba, an yi mata aure tana ƙarama. Tana 'yar shekara goma sha bakwai ko kusa da haka ta shiga N.E.P.U., ta zama shugabar mata. A zamanin da mace ba ta ɗaga murya gaban maza, ita ta kan miƙe a wurin lacca ta yi magana kan auren wuri, da aikin tilas, da haraji, da ilmin 'ya'ya mata, da ƙuri'a. Ta tafi har Abekuta ta ga Funmilayo Ransome-Kuti, wadda ta ja matan garinsu suka yi wa Sarkinsu bore kan haraji. An doke ta, an kore ta daga Kano, an ɗaure ta har sau goma sha shida. Ba a ba matan Arewa ƙuri'a ba sai a 1976, a zaɓen ƙananan hukumomi, sa'an nan babban zaɓe na 1979. Ta ga ranar da idonta, don sai a 2001 ta rasu. Ita kam an tuna da ita, akwai babban asibiti da sunanta a Zariya. Ke da ki ke jin ƙyuyar fita ran zaɓe saboda rana ko dogon layi, ki sani wata ta kwana a gidan yari kan katin nan da ke cikin adakarki.

Na kan yi tunanin da za a haɗa Hafsatu da Gambo ɗaki ɗaya, watakila hirar ba za ta yi tsawo ba. Ɗaya tana cikin kulle a gidan mai mulki, ɗaya tana bakin titi tana yi wa mulkin tsawa. Akwai masu son su ɗauki ɗaya su yar da ɗaya, wasu su ce Gambo ta fita daga ɗabi'ar mata, wasu su ce Hafsatu me ta yi ban da zaman aure. Ni ban yarda da ko ɗayansu ba. Ran da abu ya kai maƙura, kowacce ta tsaya inda maza da yawa suka ja da baya. Tsakaninsu kuma akwai waɗanda suka bi hanya ta uku, su Hajiya Laila Dogonyaro da 'yan'uwanta, da suka kafa Jam'iyyar Matan Arewa a nan Kaduna a 1963, suka kama aikin marayu da karatun mata. Sannu sannu ba ta hana zuwa. A 2019 aka zaɓi Dakta Hadiza Balarabe Mataimakiyar Gwamnan Jihar Kaduna, aka kuma sake zaɓenta a 2023.

Rana ta yi, ƙafa ta gaji, mu koma cikin unguwa mu biya kasuwa ki yi cefane. In kin yi sa'a za ki gamu da matan Gbagyi, waɗanda mu ke ce wa Gwari, da kayansu a kafaɗa, don su ba su ɗora kaya a ka. Ki gaishe su da kyau, ƙasar da aka gina Kaduna a kai kakanninsu aka tarar suna nomanta. In mai kayan miya ta ba ki canji, ki duba ko da takardar naira ashirin a ciki. Gabanta hoton Janar Murtala ne. Juya bayanta. Matar nan da ki ka gani zaune tana ginin tukunya, Bagwariya ce ita ma, sunanta Ladi Kwali, ita ce kaɗai macen da aka buga sunanta a kan takardar naira.

A ƙauyen Kwali aka haife ta, wajen 1925. Ba ta shiga aji ba, wurin gwaggonta ta koyi ginin tukwane da randuna, da hannu, ba na'ura. Ta kan zana musu ƙadangare, da kunama, da kifi, da tsuntsu, da kada, wanda daga jam'insa a ka ce an sami sunan Kaduna. Sarkin Abuja ya ga aikinta ya saya ya ajiye a fada, can wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya gani ya riƙe baki. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a Abuja ta da, wadda yanzu a ke kira Suleja, ita ce mace ta fari a wurin. Aka kai tukwanenta London aka nuna, ita kanta ta je Ingila da Amurka tana gini gaban jama'a, manyan masana suna tsaye suna kallon yatsunta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na dakta. Ta rasu a Minna a 1984.

Sai dai takardar ta fara wuyar gani, don yau naira ashirin ko ƙullin gishiri ba ta saye, yara ma in ka ba su sai su dube ka. In kin samu mai kyau wadda ba ta koɗe ba, kada ki kashe. Ki sa ta cikin littafi ki kai gida, ki nuna wa 'yarki, ki sa ta karanta sunan da ke ƙarƙashin hoton da kanta.